Kwangilar Batir da Zumuncin Unguwar Tudu

Abuja, farkon damina.

Zuwa ga Inna Hajaratu, Unguwar Tudu, Gwarzo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, ina gaishe ki da kyau da kyau. Ya gida, ya ƙafar taki, ya ɗawainiya da mai jiki? Ki gaishe min da Umma. Don Allah ki karanta mata wannan takarda a hankali, ko ba ta iya amsawa ba na san tana ji.

Na sauka lafiya. Har na ɗauki waya zan kira ki, sai na tuna abin da kika faɗa min a ƙofar gida, cewa kunnenki ya daina shiri da waya, in ina da magana in rubuta in ba Mato direba idan ya sauke kayan gwari a kasuwar Dei-Dei ta nan Abuja. To ga shi na rubuta.

Inna, ban san ta inda zan fara godiya ba. Tun da ɓarin jikin Umma ya shanye bara, ban taɓa kwana nesa da ita ba. Da sunana ya fito cikin ma'aikatan zaɓe da za a turo wannan horo, na riga na gaya wa shugaban ofishinmu na Kabo ya ba wani. Yayyena maza duk suna kudu, matansu kuma kowacce da nata uzurin. Sai ga ki da mota a ƙofar gidanmu, kika ce in naɗe wa Umma kayanta, ni kuma in tafi karatu. Mahaifiyarki da kakata 'ya'yan wa da ƙani ne, akwai waɗanda suka fi ki kusa da mu nesa ba kusa ba, amma ke kika zo. Allah ya saka miki da gidan Aljanna.

Kin ce in gaya miki abin da ake koya mana. Ana koya mana yadda hukuma za ta sayi na'urorin zaɓe ba tare da an cuce ta ba, da yadda ake zama da masu kamfani a daidaita kafin a sa hannu a kwangila. Mai koyar da mu wata lauya ce 'yar Zariya, Malama Badi'a. Ranar farko ta ce kowa ya ba da labarin wata rana da na'ura ta kunyata shi. Ni na ba da na zaɓen da ya wuce, a wata makarantar firamare da ke ƙauyen Kabo. Kafin azahar batirin na'urar tantance masu zaɓe ya ɗauki zafi ya mutu, na canjin ma haka. Akwai wani dattijo da ya zo a keke tun da hantsi. Ya ɗora yatsa, na'ura ta ƙi. Ya goge yatsan a rigarsa ya sake ɗorawa. Ya jira har la'asar sakaliya, sannan ya dube ni ya ce, “'Yata, ni ne ban iya ba, ko ita ce?” Ya hau kekensa ya tafi bai yi zaɓe ba. Da aka nemi kamfanin da ya kawo batiran, suka ce garantinsu bai haɗa da zafin rana ba.

Malama Badi'a ta ce wannan dattijo ba a rumfar zaɓe aka hana shi haƙƙinsa ba, tun a teburin ciniki aka hana shi, ranar da ba a sami wanda ya tambayi mai kaya ko batirinsa ya san zafin ranar watan Maris a Kano ba. Tun daga nan nake kasa kunne sosai. Ashe akwai tambayoyi da yawa da ba ma yi: idan ta lalace wa zai gyara, a ina, cikin wane lokaci? Kayan gyaran a wurinsu kaɗai ake samu? Sunaye da hotunan yatsun mutane da ke ciki, namu ne ko nasu?

Abincin nan shinkafa ce safe da yamma. Ina kewar miyar kuka.

Taki,
Surayya.

Unguwar Tudu, Gwarzo.

Zuwa ga 'yata Surayya.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da warin albasa, don a aljihun Mato ta kwana. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi in ba a yi hadari ba. Ruwa ya sauka, an yi shuka a gonarmu ta Madadi, gero har ya fara leƙowa.

Mahaifiyarki, Yaya Zulaiha, tana nan da sauƙi. Tana cin tuwon dawa in an yi shi ruwa-ruwa, kunun gyaɗa kuwa ba ta barin ko ɗigo. Na kai ta asibiti, wani ma'aikaci ya nuna min yadda zan riƙa miƙe mata hannu da ƙafa, ina yi bayan asuba da bayan la'asar. Jiya babban yatsanta ya motsa da kansa. Na karanta mata takardarki, da na zo wurin dattijo mai keke sai hawaye ya zubo mata ta ido ɗaya.

Godiyar ta isa haka. Tun rasuwar Malam ni kaɗai nake juyi a gidan nan, na gama koyarwa an sallame ni, ba ɗalibi ba miji. Yanzu na sami abokiyar hira. Ita ba ta iya magana, ni ba na ji, kin ga mun dace. Muna zama a gindin darbejiya ina ba ta labarin mutanen da suka mutu tun zamanin da muke 'yan mata, ba ta taɓa ce min na yi ƙarya ba.

Abin da malamarku ta faɗa ya shige ni. Shekarun da na yi a aji, an sha kawo mana benci da allo waɗanda wanda ya saya bai taɓa zama a kansu ba. Ki buɗe kunne, ki riƙa tambaya ko za a ce kin cika surutu.

Ga wani abin farin ciki. Ɗana Lukuman, yayanki, ya sami aiki. Kin san shekara da shekaru yana hawa rufin mutane yana ɗora musu farantan sola, yau a samu gobe a rasa. To wani Alhaji Ja'afaru mai kamfanin batira a Kano ya aiko aka kira shi takanas, ya ba shi ofis da sabon babur. Matarsa har ta yi mana waina. Lukuman ya ce kamfanin nasu yana cikin masu neman kwangilar batiran hukumarku, kuma Alhajin ya tambaye shi labarinki, da sunanki ma ya tambaya, ya ce ya ji ke yarinya ce mai ƙoƙari. Na ce ikon Allah, ga ƙanwa a ɗaki ga wa a ƙofa. Allah ya haɗa ku a kan alheri. Ki riƙe shi a zuciya, iyalinsa sun fara yawa.

Na ba Mato garin kuka da daddawa. Ki nemi wata a kicin ɗinsu ta kaɗa miki.

Innarki,
Hajaratu.

Abuja.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya mai jiki, ya damina? Kuka da daddawa sun iso, har 'yan ɗakinmu sun sa albarka. Labarin yatsan Umma ya sa na yi sujada a tsakar ɗaki. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan.

A gaggauce nake rubutu, Mato yana bakin ƙofa yana ta danna hon.

Makon nan an gwada mu. Malama Badi'a ta zama mai kamfani, ni na zama hukuma, muka zauna a tebur sauran suna kallo. Ta yi min daɗin baki, ta yi fushi, ta tattara takardunta kamar za ta fita. Ni dai na tsaya a kan abu ɗaya, ba za a biya ba sai an kai kayan ƙauye an gwada su a tsakiyar rana mun gani da idonmu. Daga ƙarshe ta yi dariya ta miƙo min hannu. Bayan nan shugabanninmu suka zo daga Kano, aka karanta sunana cikin kwamitin da zai zauna da kamfanonin batira da zarar mun gama.

Game da Lukuman, maganar ta zo gaban shugabannin, kuma na faɗa musu ko wane ne shi a wurina, ban ɓoye komai ba. Na zare hannuna daga duk abin da ya shafe shi da kamfaninsu. Ki gaya masa kada ya kira ni, kada ya turo saƙo, kada ya aiko kowa wurina. Bayani sai na sami natsuwa.

Ki shafa min kan Umma.

Surayya.

Abuja.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Umma da kowa da kowa.

Mato ya zo ya koma, ya sake zuwa, ba takarda. Na tambaye shi, ya ce kin karɓi tawa, kin karanta a tsaye, kin shige gida ba ki ce masa komai ba. Na kira maƙwabciyarki ta leƙa min, ta ce Umma lafiya lau, ta same ki kina yi mata kitso. Hankalina ya kwanta ta wannan gefen, amma ta ɗaya gefen ya ƙi kwanciya.

Inna, ko na yi laifi ne? Ina ta tuna abin da na rubuta a waccan takarda, sai nake jin kamar na rubuta ta da sauri fiye da kima. In wata magana ta ɓata miki rai ki faɗa min ita ƙarara, kamar yadda kike yi wa ɗalibanki. Faɗanki ya fi min sauƙi a kan shirunki.

Yanzu muna kan darasin yadda ake raba biya kashi-kashi, kada a miƙa wa kamfani komai tun kafin a ga aiki. Ina zaune a aji amma rabin hankalina yana Unguwar Tudu.

Taki,
Surayya.

Unguwar Tudu, Gwarzo.

Surayya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Mahaifiyarki tana samun sauƙi, yanzu tana zama ba a tokare ta da matashi ba, kuma bakinta ya fara kama wasu kalmomi. Ta ce “ruwa”, ta ce “Allah”. Wannan haƙƙinki ne ki sani, shi ya sa na fara da shi.

Kin ce in faɗa ƙarara, to ga shi.

Takardarki ta zo, na karanta cewa kin faɗa wa manyanku ko wane ne Lukuman a wurinki, kin zare hannunki, kada ya kira ki. Ban so in fahimce ta yadda na fahimce ta ba. Na ajiye, na ce bari in ga abin da zai biyo baya. Bai daɗe ba Lukuman ya shigo gidan nan a ƙafa. Alhaji Ja'afaru ya kira shi ofis ya ce labari ya iso masa, wadda yake taƙama da ita ta tashi a gaban mutane ta ambaci sunansa ta ce ba ruwanta da shi. Ya karɓe makullin babur, ya ce ya je gida za a neme shi. Har yau ba a neme shi ba. Matarsa ta daina shigowa gaishe ni, kunya take ji ko fushi, ban sani ba.

Na san zumuncinmu na nesa ne, ba sai an tuna min a gaban manyan gwamnati ba. Ban taɓa cewa ki ba shi kwangila ba, ban san ma yadda ake bayarwa ba. Cewa na yi ki riƙe shi a zuciya. In aikinku ya hana, sai ki ce min, Inna aikinmu ya hana, in ce Allah ya taimaka. Amma a ce kada ya kira ki, kamar wani mai bin ki da roƙo?

Abin da ya fi ci min rai ba babur ba ne. Tunanin da ya zo min ne, ko kin zaci na ɗauko Yaya Zulaiha ne don in saye ki da ita. Ranar da na zo Kabo da mota, Lukuman bai san wani Alhaji Ja'afaru ba, ni kuma ban san abin da za a koya miki ba. Na zo ne don na ga yarinya za ta binne rabonta saboda uwarta, ga ni da ɗaki a banza.

Kada ki damu da ita. Ko me ke tsakanina da ke, bai shafi tuwonta da wankanta ba. Tana nan har ki dawo ki ɗauke ta.

Hajaratu.

Abuja.

Zuwa ga Innata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Umma. Alhamdu lillahi da bakinta ya fara buɗewa, a hannunki Allah ya yi wannan. Na karanta takardarki a bakin titi inda Mato ya miƙo min, na kasa komawa aji sai da na wanke fuska.

Inna, ki yafe min. Gaggawa ta sa na rubuta rabin magana. Yau zan ba ki ita duka, yadda ta faru.

Ranar da aka karanta sunayenmu, shugaban kwamitin, Malam Hambali, ya tara mu a ɗakin taro. Aka karanta sunayen kamfanonin da ke nema, har da na Alhaji Ja'afaru. Sai ya ce duk wanda ke da ɗan'uwa a ɗaya daga cikinsu ya faɗa yanzu, domin doka ba ta yarda ya zauna a teburin ba. Ya bayyana cewa ɗan'uwan da ake nufi shi ne uba ko uwa, ɗa, miji ko mata, ko wanda kuke ciki ɗaya. Ba wanda ya ɗaga hannu. Takardarki mai labarin aikin Lukuman tana cikin jakata. Na ɗaga hannu na miƙe tsaye.

Ya ce, “Malama Surayya, yayanki ne uwa ɗaya uba ɗaya?”

Na ce a'a.

“Ɗan wan mahaifinki ne, ko na ƙanwar mahaifiyarki?”

Na ce, “A'a, ranka ya daɗe. Kakarsa da kakata ne 'ya'yan wa da ƙani.”

Sai aka yi dariya. Shi ma ya murmusa ya ce, “In haka ne ai duk Gwarzo da Kabo dangin juna ne. Zauna abinki, doka ba ta kai nan ba.”

Inna, da na zauna da shi ke nan, ba wanda zai ce min komai. Kujerar nan ita na zo nema, ita na bar Umma saboda ita. Amma ƙafata ta ƙi lanƙwasuwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, yau da safe mahaifiyarsa ce ta yi wa mahaifiyata wanka. Ita take ba ta abinci a baki, ita take juya ta a shimfiɗa. Ni ban san wani kusanci da ya wuce wannan ba. Uwarsa uwata ce, shi kuma yayana ne. In na zauna a teburin nan, ko dai in sassauta wa kamfaninsu, ko in tsananta musu don kada a ce na sassauta. Duk wanda na yi a ciki, na zalunci wani.”

Dariyar ta tsaya. Malam Hambali ya dube ni, sannan ya ce da mai rubuta bayanin taro, “Rubuta yadda ta faɗa. Yayanta ne.” Aka cire sunana daga kwamitin batira, aka sa wani daga Ɓagwai.

Wannan shi ne abin da na faɗa musu game da ko wane ne Lukuman a wurina. Wanda ya kai wa Alhaji Ja'afaru labari ya kai masa ƙarshen ne ya bar farkon.

Maganar kada ya kira ni kuwa, Malama Badi'a ce ta ja ni gefe ta ce, tunda na riga na ga wasu takardun kwamitin, in aka sami kira ko saƙo tsakanina da ma'aikacin wani kamfani kafin a gama, za a iya fitar da kamfanin gaba ɗaya, a kuma shafa wa ma'aikacin baƙin fenti. Tsoron abin da zai same shi ne ya sa na rubuta haka. Ban san ta wata ƙofar abin zai zo masa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka a ɗaki saboda kujerar. Amma Malam Hambali ya ce sharaɗin nan nawa na gwaji kafin biya zai shiga kwangilar ko wa ya ci, kuma a ƙauyukan Kabo za a yi gwajin idan bazara ta zo. Ni kuma za a ba ni aikin koyar da ma'aikatan ofisoshinmu abin da na koyo. Ya ishe ni.

Aikin Lukuman ne ba ni da yadda zan gyara, kuma yana damuna ƙwarai. Abu ɗaya zan ce, ki auna shi da hankalinki: mutumin da ya karɓe makulli a makon da ya ji na sauka, anya hannun Lukuman ya ɗauka aiki tun farko?

Zancen saye kuwa, wallahi bai taɓa ratsa zuciyata ba. Abin da kika yi min ba shi da farashi, ni da ake koya wa ciniki na fi kowa sanin haka.

'Yarki,
Surayya.

Unguwar Tudu, Gwarzo.

Zuwa ga 'yata Surayya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya ƙalau. Gero ya yi kai a Madadi, ana ta korar tsuntsu. Yaya Zulaiha ta tsaya da ƙafarta jiya, tana dafe da bango ina riƙe da ƙugunta. Ba ta daɗe ba, amma ta tsaya.

Takardarki ta zo. Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Ni da na ƙare rayuwata ina ce wa yara su karanta tambaya har ƙarshe kafin su amsa, ga shi na yanke hukunci a kan rabin shafi. Ki yafe min, ni ma na yafe miki gaggawar.

Na aika aka kira Lukuman bayan la'asar. Ya zo yana ɗaure fuska, ya tsuguna daga bakin ƙofa. Na ce ya matso, na karanta musu shi da mahaifiyarki tun daga sallama. Da na zo inda shugabanku ya ce duk Gwarzo da Kabo dangin juna ne, Yaya Zulaiha ta yi dariya, dariya sosai har da tari, irin wadda ban ji ba tun zuwanta, kuma kin san kafin kunnena ya ji abu sai ya kai abu. Da na zo inda kika ce uwarsa uwarki ce, sai na tsaya da karatun. Lukuman ne ya karɓi takardar ya ƙarasa.

Ya gama ya miƙo min ita. Sai ya ce, “Inna, ashe sunanta aka ba babur, ba ni ba.” Na ce haka nake gani. Ya ce to gara da aka karɓa. Ba zan ce miki ba ya jin zafin rashin ba, yana ji, gidansa ma suna ji. Amma ya ɗauko tsaninsa da jakar kayan aikinsa ya koma abin da ya iya. Mutanen Sabon Birni sun kira shi zai ɗora musu sola a rijiyar burtsatse. Matarsa ta shigo da safe da ƙosai, ta zauna ta matsa wa mahaifiyarki ƙafa. Ya ce in gaya miki bai kira ba kuma ba zai kira ba, sai ranar da kika ce an buɗe hanya. Ya ce kuma in za a yi gwajin nan a Kabo, a ajiye batiran a kan benci a fili tun hantsi, kada a yarda masu kaya su kai su inuwa.

Na gode, Surayya. Mutane da yawa sun kira ni Inna a rayuwata, ɗalibai da 'ya'yan maƙwabta, amma ba wanda ya taɓa ajiye kujerarsa saboda kalmar.

Saura magana ɗaya. A waccan takarda na ce mahaifiyarki tana nan har ki dawo ki ɗauke ta. Na janye. Ke za ki riƙa yawo ofis-ofis kina koyarwa, wa zai miƙe mata hannu bayan asuba? Daga nan zuwa ofishinku na Kabo ba wata tafiya ba ce, kullum motoci suna yi. Na sa an share ɗakin Malam, an yi masa sabon daɓe, an canja labule. Tunda kin tashi a gaban manyan gwamnati kin ce ni uwarki ce, har an rubuta, to uwarki ce take magana. In kin gama, ki ce wa direba a Gwarzo za ki sauka.

Innarki,
Hajaratu.